Amsa ga mai Hilux da ke kai mafarauta daji: a fara duba lodi kafin a taɓa injin

Tambayar ta fito ne daga wani ɗan'uwa mai Toyota Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu da injin fetur na lita 2.7, wadda yake aikin gona da ita da damina, idan rani ya yi kuma ya kwashi abokan farautarsa da karnukansu zuwa daji. Ya ce bayan motar ya zauna, tana yin zafi da zarar ta shiga rairayi, ga shi kuma ta fara cin taya. Da ya kai kukansa majalisar masu irin wannan mota sai aka ba shi shawara uku: ya ƙara mata sifirin a baya, ya bar ta a giyar ƙafa huɗu kullum, sannan ya cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwan injin har ya yi zafi, don ruwa ya riƙa gudu. Yana so ya san wadda zai ɗauka.

Malam, kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin ukun nan a yadda aka ba ka su. Waɗanda suka ba ka shawarar ba su nufe ka da sharri ba, kuma kowace shawara a cikinsu takan yi kamar ta yi magani na ɗan lokaci, shi ya sa ta yaɗu a garejoji da tashoshi. Sai dai alamomin da ka lissafa, wato zaman baya da zafi da cin taya, galibi tushensu ɗaya ne, shi ne nauyin da kake ɗora mata, don haka daga nan ya kamata a fara.

Hilux mai ƙofa huɗu ta zamanin taka, wato jerin da aka ƙera daga 2004 zuwa 2015, an yi ta ne ta ɗauki abin da bai wuce kilo 800 zuwa 1,000 ba, gwargwadon samfurinta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wannan adadi ya haɗa da direba da duk wanda ke zaune a ciki, ba kayan baya kaɗai ba. Yanzu mu yi lissafin fita farauta irin wadda aka saba. Mutum 5 a ciki da mutum 8 a baya, idan aka ɗauki kowa a kilo 70, sun kai kilo 910. Karnuka 6 za su kai kusan kilo 110. Jarkar ruwa 4 masu cin lita 25 kilo 100 ke nan, domin litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Jarka 2 ta fetur za ta doshi kilo 40, sannan ga abinci da tabarmi da tukwane da bindigogi da ƙarin safayar taya, waɗanda ba za su gaza kilo 90 ba. Jimillar ta kai kilo 1,250 tun ba a bar gida ba, tun ba a kama ko zomo ɗaya ba. Idan har motarka tana cikin masu ɗaukar kilo 850, ka ƙara mata kusan rabin wannan adadi a kan abin da aka yi ta dominsa, kuma ba a kan kwalta za ta tafi da shi ba, a kan gargada da kwazazzabai ne, inda kowane tsalle yake ninka ƙarfin da nauyin ke dukan ƙarfe da shi.

To, me ƙarin sifirin zai yi? Zai ɗaga bayan motar ta daina zama, ido ya gamsu, shi ke nan. Boris ɗin ƙafafun baya bai ƙaru ba, aksul bai ƙaru ba, birki bai ƙaru ba, taya ba ta ƙaru ba, shasi ma yana nan yadda aka ƙera shi. Ƙara wa jaki akumari ba ya ƙara masa ƙarfin ƙafa. Abin da ya fi muni shi ne zaman bayan nan da kake gani gargaɗi ne da motar take yi maka, idan ka ƙara sifirin ka toshe mata baki, sai ka ci gaba da ƙara kaya ba tare da wata alama ba. Sifirin mai tauri kuma ba ya shanye duka, yana miƙa shi ne kai tsaye ga shasi. A mota mai ƙofa huɗu wurin zaman mutane ya cinye tsawon motar, saboda haka kusan rabin akwatin baya yana rataye ne a bayan aksul, kuma duk nauyin da aka jibga can ƙarshe, kusa da murfin baya, yana danna wutsiyar motar ƙasa yana ƙoƙarin lanƙwasa shasi a daidai inda kan mota ya haɗu da akwati. Ka tsaya a gefen motarka a fili mai daidaito ka dubi tazarar da ke tsakanin kan motar da akwatin baya. Ya kamata faɗinta ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Idan ka ga ta buɗe daga sama ta tsuke daga ƙasa, shasin ya fara tafiya, kuma idan ka shiga ƙarƙashi da fitila za ka iya ganin fenti ya tattare ko ya tsage a wurin. Gyaran wannan aiki ne babba, kuma motar da aka yi wa walda a nan ba ta cika komawa yadda take ba.

Akwai wani abu kuma da kanikawa da yawa suke mantawa da shi. A samfuran da ke da shi, akwai wani bawul a saman aksul na baya da aka haɗa da ɗan siririn ƙarfe, aikinsa shi ne ya auna yadda bayan motar ya zauna, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan akwai lodi, ya rage idan babu. Idan aka ɗaga bayan da ƙarin sifirin ba a saita wannan bawul ba, zai riƙa ɗauka motar ba ta da kaya alhali tana ɗauke da tan guda, sai birkin gaba ya riƙa yin aikin shi kaɗai, tazarar tsayawa ta ƙaru. Wanda ya ɗauko mutum 13 bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa sifirin ko kaɗan. Motar da ta haura shekara 10 tana aikin gona mai yiwuwa sifirin ɗinta ya gaji, ya miƙe, ko wani ganye ya karye. Ka sauke komai ka duba: idan ba kaya a ciki amma bayan yana ƙasa, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zama, a canza sifirin ɗin duka biyu da irin nasa na asali, a canza robobinsa da shokazoba, a ɗaure kusoshin da ke riƙe shi da aksul da kyau. Wannan gyara ne na mayar da mota yadda take. Maganin lodi kuwa rage shi ne: a raba tafiyar mota biyu, ko a rage mutane, a sa jarkoki da duk abu mai nauyi can gaba jikin kan mota, a bar tabarmi da kaya marasa nauyi a ƙarshe. Iyayenmu da suka yi aiki da a-kori-kura ta Fijo 404 da 504, waɗanda aka riƙa harhaɗawa a nan Najeriya, sun san wannan tsari na lodi sarai, domin motarsu ba ta da ƙarfin da za ta yafe musu kuskure.

Sai batun giyar ƙafa huɗu. A kan ƙaramin sandan giya za ka ga an rubuta H2 da H4 da N da L4. A H2 ƙafafun baya kaɗai ke ja. A H4 da L4 ana ɗaure farfelar gaba da ta baya wuri ɗaya, su riƙa juyawa daidai da juna tilas, domin Hilux ba ta da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya kamar yadda wasu manyan jif suke da shi. Matsalar ita ce duk lokacin da mota ta sha kwana, ƙafafun gaba suna bin da'ira mai faɗi fiye da na baya, wato suna cin tafiya mai tsawo. A rairayi ko laka ko tsakuwa taya takan ɗan zame ta sauke wannan bambanci ba tare da ka ji ba. A kan kwalta kuwa taya ta kama ƙasa gam, bambancin ba shi da mafita, sai ya taru a cikin ƙarafa yana murɗa su. Alamarsa ita ce sitiyari ya yi nauyi a kwana, taya ta riƙa ƙara tana gogar ƙasa, motar ta riƙa yin kamar ana riƙe ta, sandan giyar kuma ya ƙi fita. Idan aka daɗe a haka, taya ce take fara tafiya, daga nan sai mahaɗan farfela, sai akwatin giyar ƙafa huɗun kansa, ga kuma shan mai da ya ƙaru. Idan ka taɓa bin kwalta a H4, kada ka nemi dalilin cin tayarka da nisa. Ranar da sandan ya maƙale kuma kada ka sa masa ƙarfi, ka miƙe sitiyari ka yi baya 'yan mitoci kaɗan, zai saki da kansa.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: H2 a kwalta, H4 a burji mai tsakuwa da rairayi marar zurfi, L4 a rairayi mai zurfi da laka da hawan gangare da fita daga rafi. L4 tana rage gudu ta ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi, kuma ba a shigarta sai an tsaya cak an taka kuloci. Shawarar abokanka tana da ɗan gefen gaskiya guda ɗaya, wato giyar da ba a amfani da ita takan sandare, shi ya sa littafin Toyota ya ce a yi tafiyar kilomita 16 a ƙafa huɗu duk wata domin mai ya zagaya kayan gaba. A yi wannan a hanyar ƙasa. A kuma tabbatar tayoyin huɗu girmansu ɗaya ne, domin taya ƙarama a gaba da babba a baya tana haifar da murɗawar nan ko a miƙaƙƙiyar hanya.

A rairayi, iskar taya ta fi giya muhimmanci, kuma a nan ne mafi yawan masu mota suke wahalar da kansu a banza. Mai faci yakan dura wa kowace taya 45 ko 50 a ma'auninsa ba tare da ya tambayi abin da za a yi da motar ba, alhali takardar da ke manne a jikin ƙofar direba tana nuna kusan 30 ne idan ba kaya, a ƙara wa na baya idan an yi lodi. Taya mai iska 50 tana da ɗan ƙaramin tafi a ƙasa, tana huda rairayi tana nutsewa, injin yana ta faman tura tudun yashi a gabanta. Idan ka sauke ta zuwa 18 ko 20, tafin yakan ƙara tsawo sosai, motar ta hau saman rairayin ta tafi. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da wannan dabara suke ratsa Tenere, kuma ba sa shiga yashi sai sun tsaya sun rage iska. Sharuɗɗanta uku ne: kada ka wuce gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, kada ka karya sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fice daga gwangwaninta, kuma ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska ga lodi ga gudu zafi take ɗauka har ta fashe. Wannan yana nufin dole ka mallaki famfon da ke aiki da batir da ma'aunin iska naka na kanka. A dajin da ke da kututture da ƙayar aduwa da farar ƙaya kuma ka yi hattara, saboda taya mai sauƙin iska tana fitar da cikinta gefe, gefen kuma shi ne wuri mafi rauni. Ka nemi taya mai harafin LT a jikinta, wadda aka yi don ɗaukar kaya, ka kuma karanta lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Idan mota ta fara kafewa, ka ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Kowane juyi da taya ta yi a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Ka sauke mutane, ka ƙara rage iska, ka kwashe yashin gaban tayoyi da shebur, ka sa L4 da giya ta biyu, ka saki kuloci gaba ɗaya a hankali. Riƙe kuloci rabi da rabi ana ba da wuta shi ne yake ƙona shi, warinsa kuma ba ya ɓuya. Idan wata mota za ta ja ka, a ɗaura igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi, kada a ɗaura a bamba, kuma kowa ya matsa nesa, domin igiyar da ta tsinke ko ƙarfen da ya ɓalle yana iya kashe mutum.

Yanzu zafin injin ya zama abin fahimta. Injin ɗinka, wanda ake kira 2TR-FE, mai juriya ne ƙwarai, amma fetur ne, ƙarfin jansa na sosai ba ya fitowa sai ya kai juyi kusan 3,800 a minti. Ka ɗora masa abin da ya fi tan, ka sa shi a rairayi da taya mai tauri, a babbar giya, yana gurnani a ƙaramin juyi, motar tana tafiyar da ba ta kawo iska ta gaba, a zafin watan Maris ko Afrilu. Dole allurar zafi ta hau. Cire tamostat ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa a cikin injin har ya kai kusan digiri 82 sannan ya buɗe masa hanyar lagireto, kuma a injinan Toyota da yawa shi ne yake rufe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan aka cire shi wannan hanya takan zauna a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa da zafinsa, a daidai lokacin da aka fi bukatar ya huce. Da sanyin safiyar hunturu kuma injin ba zai yi ɗumi da wuri ba, kwamfutar motar ta ci gaba da zuba mai da yawa, mai ya tafi a banza, injin ya riƙa cin kansa. Idan ana zargin tamostat, a jefa shi a ruwan zafi a ga ko yana buɗewa, in ya mutu a sa sabo.

Abin da za ka duba da gaske shi ne lagireto da fanka. Motar da ke ratsa busasshiyar ciyawa takan tara ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa a tsakanin lagireton injin da na na'urar sanyi da ke gabansa, wurin da ido ba ya gani daga waje. Idan aka kwance aka raba su, sau da yawa za a tarar da wani abu kamar tabarma mai kauri ya toshe rabin fuskar, ƙura ta haɗe shi ya daskare. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba don kada a lanƙwasa siraran ƙarafan. Fankar kuma tana da wani kai mai ɗauke da man silikon da ke sa ta kama idan injin ya yi zafi. Ka kashe motar tana da zafi, ka cire makulli, ka tura fankar da hannu: idan ta yi tauri ta tsaya nan da nan lafiyarta ƙalau, idan ta yi ta juyawa sakaka man ya ƙare, kuma irin wannan mota lafiya take gudu a kwalta amma ta yi zafi a rairayi, daidai da abin da ka kwatanta. Ka canza murfin lagireto idan robarsa ta tsufa, domin matsin da yake riƙewa ne yake hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Ka daina zuba ruwan rijiya, yana barin gishiri da tsatsa a cikin bututu, ka koma ruwan lagireto na gaske. Idan allura ta hau a daji, ka kashe na'urar sanyi, ka tsaya ka fuskanci iska, ka bar injin yana aiki a hankali muddin ruwa bai zube ba kuma fanka tana juyawa. Kada ka buɗe murfi da zafi, kada kuma ka sheƙa wa injin ruwan sanyi, saboda kansa na alminiyom ne, yana iya lanƙwashewa.

Ciyawar nan tana da wani haɗarin da ya fi zafin injin. Takan naɗe a jikin farfela ta cusu a tsakanin salansa da ƙarfen da ke kare cikin mota, kuma tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansar motar fetur zafinta yana haura digiri 400. Mota takan kama da wuta a haka, wani lokaci bayan an ajiye ta an shiga daji, ta ƙone ta kuma ƙone dajin da gonakin da ke kusa. Ka riƙe wata waya mai ƙugiya a mota, duk inda kuka tsaya ka durƙusa ka zaƙulo abin da ya taru, ka ajiye motar a fili marar ciyawa, kuma abin kashe gobarar nan da jami'an kiyaye haɗurra suke tambaya ya kasance mai aiki ne, a inda hannu zai kai gare shi. Wanda ke zaune kusa da jarkar fetur kuma ba shi ba taba.

Game da farautar kanta, ra'ayina a fili yake: aikin mota ya ƙare a inda aka yada zango. Bin barewa ko gada da mota, ko haske su da fitila da dare a harbe daga sama, yana ƙarar da naman da 'ya'yanmu za su tarar, kuma hanya ce ta kifar da mota, domin ciyawa tana ɓoye suri da kututture da ramin dabgi, mutanen da ke tsaye a baya kuma sun ɗaga nauyin motar sama, ga shi ba abin da ke riƙe da su. Kada bindiga ta hau mota a ɗure. Bindigar toka ta fi wuya a nan tunda ta baki ake ɗura ta, don haka a fitar da abin da aka ɗura mata a wuri mai aminci kafin a hau, a kwantar da su duka wuri ɗaya bakinsu yana kallon inda ba mutum. Ku san iyakar dajin da kuke shiga, domin farauta haramun ce a gandayen da hukuma ta keɓe irin su Yankari a Bauchi da Falgore a Kano da Kamuku a Kaduna da Gashaka-Gumti a Taraba da Adamawa. Kowa ya riƙe lasin bindigarsa da katin ƙungiyarsa, a sanar da Sarkin Baka ko mai garin yankin da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin a shiga. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka yi wa mafarauta 16 kisan gilla suna kan hanyarsu ta komawa Kano yin Sallah bayan an ga bindigogin farautarsu a mota, zalunci ne da babu abin da zai halatta shi, amma ya nuna irin halin da hanya take ciki ga duk motar da ke ɗauke da mutane da makamai a inda ba a san su ba.

Idan kun dawo, kada ka jira sai wani abu ya yi ƙara. Ka fitar da matatar iska ka karkaɗe ta a hankali, in ta toshe ka canza, domin ƙurar hunturu da ta wuce ta kai tsaye cikin injin take shiga. Ka sa a dura giris a mahaɗan farfela, a sake ɗaure kusoshin sifirin da na ƙafafu, a taɓa gwangwanin kowace ƙafar baya bayan tafiya a ji ko ɗaya ya fi ɗaya zafi, wanda alama ce ta boris ko birki. Baƙin mai a irin wannan aiki kada ya wuce kilomita 5,000, kuma idan kun ratsa ruwa mai zurfi a buɗe man aksul na gaba da na baya a duba, in ya koma fari kamar madara ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo kafin fita ta gaba.